Holy Loch: Ruwan Da Ya Sauki Baƙi Shekara 31

Masu karatu, yau na ɗan jingine labarin soyayya, zan kai ku yammacin ƙasar Sikotland. Mutanen can suna ce wa tafki "loch", sai dai wani loch ɗin ba tafki ba ne, teku ce ta kutso cikin ƙasa tsakanin duwatsu. Ƙanƙarar zamanin da ce ta kwarzane kwarin, da ta narke sai ruwan gishiri ya malalo ya cike shi.

Holy Loch ƙarami ne a cikinsu, tsawonsa bai wuce mil 3 ba, bakinsa yana buɗewa cikin mashigin Clyde, hanyar jiragen ruwa zuwa birnin Glasgow. Ana danganta tsarkin da ke cikin sunan da wani malamin Kirista mai suna Munn, wanda ƙauyen Kilmun na gefen ruwan ya ci sunansa.

To zurfin nan da duwatsun da suka kare shi daga iska su suka jawo masa baƙi. A 1960 Firaminista Macmillan ya amince wa Shugaba Eisenhower na Amurka ya ajiye jiragensa masu nutso, masu ɗauke da makaman nukiliya na Polaris, a wannan ruwa. A watan Maris 1961 jirgin Proteus mai yi musu hidima ya iso. Mutane suka fito zanga-zanga, wasu har cikin ƙananan kwale-kwale, suna cewa an ajiye musu ajali a ƙofar Glasgow. Ni dai ban ga laifinsu ba, domin da yaƙi ya ɓarke da Tarayyar Sobiyet, nan na cikin wuraren da za a fara hara.

Amma fa garin Dunoon da ke kusa ya sha romo. Masu tasi, masu gidajen haya, masu kantuna, kowa ya samu. 'Yan matan gari da dama suka auri sojojin suka bi su Amurka, wannan kam mu marubuta da mun samu da littafi mai 1, 2, 3 za a yi.

Sobiyet ta rushe a 1991, a 1992 Amurkawa suka tattara nasu-ya-nasu suka tafi. Gidaje suka zama wayam, kantuna suka rufe, masu tasi suka rasa fasinja. A ƙarshen shekarun 1990 sai da ma'aikatar tsaron Birtaniya ta sa aka shiga tsamo tarkacen ƙarafan da aka bari a ƙarƙashin ruwan.