Tarihin Rikiɗar Ƙwayar Korona da Haɗuwar Nau'o'inta a Kan Dabara Ɗaya

Haɗuwar rikiɗa ita ce yadda halittun da ba su gaji juna ba kan wayi gari da siffa iri ɗaya, saboda matsalar da ta dame su ɗaya ce. Jemage da tsuntsu ba dangi ba ne na kusa, amma kowannensu ya yi fiffike. Tushen bayanin shi ne zaɓin yanayi, wanda Charles Darwin da Alfred Wallace suka gabatar a 1858. Yanayi kamar rariya yake, yana tankaɗe halittu, wadda ta dace ta wuce ta hayayyafa, sauran su zama tsaki. A manyan dabbobi aikin kan ci miliyoyin shekaru. A ƙwayar korona an gan shi cikin watanni.

An fara ba da rahoton cutar a Wuhan ta ƙasar Sin a Disambar 2019. Ta bayyana a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, a Jamhuriyar Benin ranar 16 ga Maris, a Yamai kwana uku bayan haka. Gwamnatin Benin ta killace Kwatano da garuruwan kudu daga 30 ga Maris zuwa 11 ga Mayu. Arewa mai nisa, irin su Malanbil da Madekali a yankin Alibori, ba ta shiga killacewar ba. Amma wanda ya san hanyar ya san ba a raba kudu da arewa: manyan motoci daga tashar jirgin ruwan Kwatano ta Paraku da Kandi suke bi, su hau gadar Malanbil su tsallake kogin Kwara zuwa Gaya, jihar Kebbi kuwa ga ta nan gabas da Madekali, kwale-kwale ma ya isa.

Kundin halittar ƙwayar yana da haruffa kusan 30,000, kuma duk sanda ta kwafi kanta takan yi tuntuɓe. Akasarin kurakuran ba sa tsinana komai. Waɗanda suka faɗa kan ƙayar da ke jikinta su ne abin lura, don ƙayar nan ce makullin da take buɗe ƙwayoyin jikin mutum da shi, kuma ita ce sojojin garkuwar jiki suke ganewa. Guraben ƙayar 1,273 ne, masana suna kiran kowane sauyi da lambar gurbinsa.

A ƙarshen 2020 nau'o'i uku suka ɓullo a nahiyoyi uku: Alfa a Kent ta Ingila, Beta a Afirka ta Kudu, Gama a Manaus ta Brazil. Babu wanda ya haifi wani a cikinsu, amma dukansu suna ɗauke da sauyin N501Y, mai sa ƙayar ta ƙara kama ƙofar da take shiga. Beta da Gama sun ƙara haɗuwa a kan E484K, mai rage wa garkuwar jiki gane ƙwayar. Shi wannan E484K ɗin sai ga shi kuma a jikin Eta, nau'in da aka fara gani a Najeriya da Birtaniya a Disambar 2020.

Benin ta ba da nata misalin. Ɗakin binciken zazzaɓin zubar jini da ke Kwatano, ƙarƙashin Anges Yadouleton, tare da masanan asibitin Charité na Berlin, sun bayyana zuriya 10 na ƙwayar da suka yaɗu a ƙasar a farkon 2021 ɗauke da sauye-sauyen da ake tsoro. Zuriyar A.27, wadda bincike ya danganta asalinta da Afirka ta Yamma, abin mamaki ce: tsohon reshe ne da bai ma ɗauki sauyin D614G da ya mamaye duniya a 2020 ba, amma ya laluɓo N501Y irin na Alfa da L452R irin na nau'in Delta, shi kaɗai. Delta ɗin ta iso Benin a tsakiyar 2021, ta danne sauran.

Omikron, wanda Afirka ta Kudu da Botswana suka sanar a Nuwamban 2021, ya zo da sauyi fiye da 30 a ƙayarsa. Saboda shi Birtaniya ta rufe wa matafiyan Najeriya ƙofa a farkon Disamba, ta buɗe ranar 15 ga watan, bayan ta ga ɓarawon ya riga ya kwana a ɗaki. Matakin bai yi tasiri ba, kuma darasin da ya koya wa ƙasashe mummuna ne, wato wanda ya yi gwaji ya faɗi gaskiya shi ake hukuntawa. Akwai kuma wani tuntuɓe na masana: a Disambar 2022 mujallar Science ta buga binciken da ya ce an ga kakannin Omikron a Benin tun watanni kafin a san shi, sannan aka janye shi cikin watan, da aka gano samfuran sun gurɓata a ɗakin gwaji.

A 2022 haɗuwar ta fi fitowa fili. Yawancin mutane sun riga sun kamu ko sun yi rigakafi, rariyar ta zama iri ɗaya ko'ina, sai jikokin Omikron suka riƙa cin karo a gurabe 346 da 444 da 460. BQ.1.1, reshen BQ.1 da aka fara ganin samfuransa a Najeriya, da XBB da ya yaɗu a Indiya da Singafo, duk sun ɗauki R346T da N460K ba tare da sun haɗa hanya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye dokar ta-ɓaci kan cutar ranar 5 ga Mayun 2023, amma a 2024 sauyin R346T ya sake bayyana a zuriyar JN.1, wani jikan Omikron.