Tsohon soja da aikin layin wuta a jihar Tahoua

Sojan da ya ajiye kaki da sauran ƙarfinsa na iya neman abinci a aikin wutar lantarki, musamman wanda ya saba da injin wuta da wayoyi tun a bariki. Sai dai layin gari wani abu ne daban, dole a koma karatu.

Kamfanin NIGELEC, da aka kafa a 1968, shi ke rarraba wuta a Nijar. Jihar Tahoua, inda Madaoua, Bouza da Keita suke, tana rukuni guda da Maradi da Zinder. Rukunin na samun wuta ta layin kilobolt 132 daga Katsina, da tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7, wadda aka buɗe a 2018. Da Nijeriya ta yanke wuta a Agustan 2023, injunan cikin gida da masu kula da su aka dogara da su.

Darasin farko shi ne tsare rai: kafin a taɓa waya, a yanke wuta, a kulle makunni, a gwada, a haɗa layin da ƙasa. Wanda ya tsallake mataki ɗaya na iya rasa ransa. A nan ne horon bin umarni ke yi wa tsohon soja rana.