Tarihin Tsakiya

Ya ku 'yan makaranta, duk wanda ya je hutu gida, ya roƙi kakarsa ta nuna masa tsakiyarta ko talhatinarta. Jan dutsen nan da ta ke ɓoyewa a cikin adudu ya fi kowane falke nisan tafiya.

Masu ilmin duwatsu sun tabbatar cewa tsakiya, wadda Larabawa ke kira aƙiƙ, asalinta ɗaya da yashin rafi da farin dutsen nan mai ƙyalli da mu ke takawa a fako. Ma'adininsu ɗaya ne, Turawa na ce da shi kwaz. Ɗan ƙarfe da ke cikinta shi ya ba ta ja. Haka kuma jan yaƙutu da shuɗin yaƙutu, ma'adini ɗaya ne, launi ya raba su.

To, yaya ɗan'uwan yashi ya zama dukiya? Hannun mai sana'a ne ya mai da shi haka. A ƙasar Hindu an yi fiye da shekara 4,000 ana gyaran wannan dutse, daga baya birnin Kambaya, a bakin teku, ya zama cibiyar aikin. Akan haƙo dutsen kusa da kogin Narmada, a shanya shi a rana, a zuba a tukwane a gasa, har wuta ta fito da jansa. Sa'an nan a sassaƙa, a goge, a huda da tsinke mai bakin daiman. Jiragen ruwa su kai ƙasar Larabawa da Masar, alhazai da fatake su ƙetaro da shi Hamada har kasuwanninmu.

Ana nan haka sai aka sami abokan gasa. A Jamus akwai wani gari, Idar, wanda mutanensa ke gogar dutse a kan manyan magogai da ruwan rafi ke juyawa, suna kwance rub da ciki. Duwatsunsu sun kusa ƙarewa, sana'a na neman mutuwa, sai waɗansu 'yan ƙasarsu da suka yi ƙaura zuwa Birazil suka tarar da irin dutsen birjik. A 1834 aka fara kawo shi Idar. Suka koyi rina shi da gasa shi, suka kwaikwayi fasalin da mutanen Afirka ke so, suka yi ta aikowa. Ta haka suka ƙwace kaso mai yawa na cinikin Kambaya. Bayansu kuma masu aikin gilashi na Bohemiya suka fito da jabu mai araha.

Saboda haka in kun sami tsakiya, ku gwada ta. Ta ainihi wuƙa ba ta karce ta, ita ce ma ke karce kwalba. Ta gilashi kuwa sau da yawa za ku ga ɗan layi a gefenta, ko ƙwayoyin iska a ciki.

Ku lura, dutsen Birazil ne, amma riba ta tafi Idar, gun masu gyara. Mai ma'adini in bai iya aikinsa ba, ɗan dako ne kurum. Kada karatu ya sa ku rena maƙeri ko mai huda dutse. Allah ya haɗa mana ilmi da sana'a, amin.