Sinadaran Amino Da Gudun Dogon Zango: Me Ke Cikin Robar?

A Tudun Wadan Zariya, kamar sauran unguwannin ɗalibai, matashin da ke sammakon gudu a gefen titin Kongo ba ya rasa mai yi masa tallar garin ƙarin ƙarfi, ko a shagon magani ko ta WhatsApp. Wanda ya fi yawo shi ne mai tambarin BCAA, kuma alƙawarinsa guda ne: gajiya za ta jinkirta, ƙafa za ta ƙara sauri.

Sinadaran amino su ne tubalan da jiki ke gina furotin da su. Guda 20 ne, tara daga ciki jiki ba ya iya haɗa su, sai dai ya samu daga abinci. BCAA uku ne cikin taran nan: lusin, aisolusin da balin.

Tallar tana da asali a ilimi. A shekarar 1987 masanin Jami'ar Oxford, Eric Newsholme, da abokan aikinsa suka kawo hasashen cewa doguwar wahala tana ƙara sinadarin serotonin a ƙwaƙwalwa, shi kuma ya jawo kasala, kuma BCAA na iya rage shigar abin da ake haɗa shi da shi. Wani gwaji da aka wallafa a 1991 kan masu gudun fanfalaki a Suwidin ya nuna ɗan ci gaba, amma ga masu jinkirin cikinsu kaɗai. Gwaje-gwajen da suka biyo baya, waɗanda aka fi tsaurara wa ƙa'ida, galibi ba su ga an rage lokacin gudu ba. Abin da ya ɗan tabbata shi ne sauƙin tsamin jiki bayan atisaye.

Shi ya sa da Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsayar masana a 2018, abubuwa biyar ya lissafa masu ƙwaƙƙwarar hujja: kafin, kiriyatin, naitiret, bikabonet da beta-alanin. Babu BCAA. Beta-alanin ɗin ma, ko da yake dangin amino ne, amfaninsa na gudun 'yan mintoci ne, ba na kilomita 42 ba. Mai dogon zango sitaci, ruwa da gishiri ne ke riƙe shi.

Masana na ba ɗan wasa shawarar cin furotin giram 1.2 zuwa 2 a kan kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai kilo 60 ke nan zai nemi giram 72 zuwa 120, kuma wake, awara, ƙwai, nono, ƙuli-ƙuli da kifi na kasuwar Tudun Wada suna ɗauke da taran nan duka idan an gauraya su, a farashin da bai kama ƙafar na roba ba.

Asarar kuɗi ita ce ƙaramar matsala. Wani bincike da ɗakin gwajin birnin Kolon na Jamus ya wallafa a 2004 ya duba kayan ƙarin kuzari 634 daga ƙasashe 13, ya sami haramtattun sinadaran ƙara tsoka a cikin 94, kusan kashi 15 cikin ɗari, ba tare da an rubuta a jikinsu ba. Dokar hukumar WADA kuwa ba ta sauraron "ban sani ba": duk abin da aka gani a fitsarin ɗan wasa, shi ke da alhakinsa. Lambar NAFDAC, idan ma ta gaskiya ce, izinin sayarwa ce, ba shaidar tsallake gwajin wasanni ba.

Nan ne gazawar hukumomi ke fitowa. A gasar Olamfik ta Tokiyo a 2021 an hana 'yan guje-guje da tsalle-tsalle goma na Najeriya shiga fili, ba don an kama su da komai ba, sai don ba a yi musu adadin gwajin da doka ta gindaya ba. Ƙasar da ta kasa gwada zakarunta, da wuya ta bi sawun robar da ake miƙa wa ɗan shekara 19 a Zariya.