Lokacin Zuwan Almasihu: Tarihinsa da Darasinsa ga Masu Hidima a Gabashin Sakkwato

Fasto da aka tura Wurno, ko Rabah, ko Goronyo zai ga wani abu da zarar Disamba ta kama. Majami'ar da take da mutum kaɗan tun dā sai ta ƙara raguwa, domin yawancin masu bi a waɗannan garuruwa ma'aikata ne da 'yan kasuwa da jami'an tsaro da suka zo daga wasu wurare, kowa kuma yana so ya yi Kirsimeti a gida. Zuciyar bawan Allah takan karaya, har ya ga kamar makonnin nan ba su da amfani. Tarihin ikilisiya ya nuna cewa makonnin suna da aikinsu.

Asalin lokacin

Shaida mafi daɗewa ta bikin haihuwar Yesu a ranar 25 ga Disamba ta fito daga Roma ne, a shekara ta 336. Shirin da ke gabanin bikin ya biyo baya sannu a hankali. A 380 taron shugabannin ikilisiya a Saragosa, cikin ƙasar Sifen, ya umarci masu bi kada su yi fashin sujada daga 17 ga Disamba zuwa 6 ga Janairu. A ƙarni na 5 Bishop Farfetus na birnin Tur, a Faransa ta yau, ya kafa azumin kwana uku kowane mako, daga 11 ga Nuwamba har Kirsimeti. A Roma aka daidaita lokacin ya zama Lahadi huɗu, abin da ake dangantawa da zamanin Giregori Babba (590 zuwa 604). Sunansa a Latin shi ne adventus, wato zuwa, kalmar da ake amfani da ita idan sarki zai shigo gari.

Mu lura da abu biyu. Na fari, lokacin tuba ne da azumi, biki yana zuwa daga baya. Na biyu, ikilisiya tana duban zuwa biyu: zuwan Almasihu a Baitalami cikin tawali'u, da komowarsa cikin ɗaukaka domin shari'a. Shi ya sa aka saba karanta annabi Ishaya da wa'azin Yahaya Mai Baftisma a makonnin nan.

Jira a ƙasar Hausa

A ranar 4 ga Disamba 1893, washegarin Lahadi ta fari ta Lokacin Zuwa, samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Burinsu su kai bishara ƙasar Sudan, wato yankinmu. Kafin 1894 ta ƙare Gowans ya rasu a Girku, Kent kuma a Bida. Bingham ya koma gida da rashin lafiya. Sai a 1902 mishan ɗin da aka sani daga baya da suna SIM ta kafa tasha a Patigi.

A Maris 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, Lugard kuma ya yi alkawari gwamnati ba za ta sa hannu cikin addinin jama'a ba. Bisa ga wannan aka daɗe ana taƙaita aikin 'yan mishan a ƙasashen sarakuna. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932. A ƙarshen shekarun 1930 ne aka danƙa wa SIM kula da masu ciwon kuturta a Amanawa, kusa da Sakkwato, kamar yadda aka yi a Yadakunya ta Kano da Babbar Ruga ta Katsina. Daga saukar samarin nan zuwa buɗewar wannan ƙofa an yi shekara fiye da 40, kuma ƙofar ta buɗe ne ta wurin wanke gyambon mutanen da kowa ke ƙyama. ECWA ta tsaya da ƙafarta a 1954. Katolika ta sami yankin Sakkwato a 1953, ya zama dayosis a 1964.

Ƙasar da muke hidima a cikinta

Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan ya rasu a 1837, a nan kuma kabarinsa yake. A Rabah aka haifi Sardauna Ahmadu Bello. Mai hidimar da bai san wannan ba, bai san maƙwabtansa ba. Ya kamata ya sani kuma cewa Musulmi sun gaskata Annabi Isa ɗan Maryamu zai dawo kafin tashin duniya. Mun bambanta da su ƙwarai a kan ko shi wane ne, da kuma gicciye, bai kuwa dace mu ɓoye bambancin ba. Duk da haka, idan maƙwabci ya tambaye ka abin da kuke yi a Disamba, kana da wurin fara magana cikin ladabi.

Yaƙub 5:7-8 ya kwatanta mai jiran Ubangiji da manomi. A fadamun kogin Rima wannan misali ba ya bukatar dogon bayani. Cikin hunturu manoman Wurno da Goronyo suna dasa albasa da tafarnuwa, suna ban ruwa da asuba cikin sanyi, watanni kafin su ga kuɗi. Madatsar ruwan Goronyo, da aka gama ginawa a 1984, tana tara ruwan damina domin rani. Jiran da manomi yake yi cike yake da aiki.

Akwai kuma baƙin ciki. A 17 ga Oktoba 2021 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, suka kashe mutum fiye da 40. Wanda zai yi wa'azin Sarkin Salama a wannan yanki yana magana ne da mutanen da ke tsoron hanya. Lokacin Zuwa yana ba shi izinin makoki, yana kuma ba shi saƙon cewa Mai Shari'a yana zuwa.

Abin da ya rage gare mu

Kada ka soke sujada domin mutane sun ragu. A Luka 2:25-38 tsofaffi biyu ne, Saminu da Hannatu, suka gane jaririn a Haikali. Ka tsara wa'azin Lahadi huɗu tun Nuwamba. Ka sanya ranar azumi, abin da aka rage kuma a kai wa gwauraye da 'yan gudun hijira ba tare da tambayar addininsu ba. Ka yi wa masu tafiya addu'a da sunayensu kafin su hau mota, ka kuma ziyarci waɗanda aiki ya hana su tafiya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa ikilisiyar farko ta sa azumi kafin biki? Me muka rasa da muka bar shi?
2. Wace hidima ce a garinku za ta yi daidai da aikin Amanawa?
3. Yaya za ka bayyana komowar Almasihu ga maƙwabcinka Musulmi cikin gaskiya da girmamawa?