Yadda Sassaƙen Arjuna Ya Yi Suna a Maganin Zuciya

Ranar 29 ga Satumba ce ranar zuciya ta duniya, kuma tana riskar mu a lokacin da tallan sassaƙen wata bishiyar Indiya mai suna arjuna ke yawo a wayoyin jama'a, har mu nan Tudun Fulani. Wasu ma cewa suke baushen dajinmu shi ne arjuna, a sassaƙo a sha kawai.

Farkon labarin a duhu yake. Tsoffin littattafan Ayurbeda, likitancin gargajiya na Indiya, sun ambaci bishiyar, amma wanda ake jingina wa fara ba da ita ga masu ciwon zuciya shi ne Vagbhata, wajen ƙarni na 7. A ƙarni na 11 wani malami ɗan Bengal, Chakrapani Datta, ya rubuta yadda ake haɗa ɓawon da madara ko man shanu, kuma har gobe dafa shi ake yi cikin madara a can.

Masu yabo sun ce ƙarfin bishiyar ne ya ɗaukaka ta, masu suka kuma sun ce talla ce kurum. Ni dai ina ganin rubutu ne. Malami ya rubuta cuta da haɗi, ɗalibi ya kwafa, aka yi shekara sama da dubu ana haka, shi ya sa likitocin zamani suka sami abin gwadawa. A 1995 an gwada shi a birnin Indore kan mutum 12 da zuciyarsu ta raunana, aka ga sauƙi. A 2016 likitocin babban asibitin koyarwa na Delhi suka wallafa gwaji kan mutum 100 na mako 12: ƙarfin harba jini na zuciya bai ƙaru ba, ko da yake wasu sun ji ƙarfin jiki. Wannan sakamakon na biyu ne masu talla ba sa faɗa, kuma ɓoye shi zalunci ne ga marar lafiya.

Baushe kuwa dangin arjuna ne, amma ba shi ba ne. Sunansa ya shiga littafin sunayen tsirrai na Hausa da Bature Dalziel ya fitar a 1916, kuma magabatanmu sun san shi wajen atuni da gyambo da asuwaki. Yawancin saninsu a baki ya tsaya, yana bin tsofaffi zuwa kabari, abin da ke ci mini rai ke nan. Ga jami'ar fasaha ta tarayya nan Bosso kusa da mu. Masananta su zauna da masu maganinmu su rubuta tun suna raye.

Kai kuma mai hawan jini ko ciwon zuciya, kada ka ajiye ƙwayoyin asibiti saboda sassaƙe, na Indiya ne ko na gida, kuma ka gaya wa likitanka duk abin da kake sha.