Tarihin Dikodar Sauti: Me Ya Sa Saitin Ƙarar Ƙananan Jiragen Ƙasa Ya Bambanta?

Ka taɓa ganin bidiyon ƙananan jiragen ƙasan nan da Turawa ke shimfiɗa wa layin dogo a cikin ɗaki, kana jin rurin inji da oda kamar na gaske? Wata 'yar na'ura ce a cikin kan jirgin ke wannan aikin, ana ce mata dikoda. Saitinta yana da tarihi, kuma rashin sanin tarihin ne ke sa mutum ya birkita jirginsa.

A da can wutar lantarki kawai ake sakar wa layin. Ka ƙara wuta jirgi ya ƙara gudu, ka rage ya rage. Matsalar ita ce in jirage biyu ne a layi ɗaya, tare za su tashi, tare za su tsaya.

A 1979 kamfanin Hornby na Ingila ya fito da Zero 1, mai sarrafa kawunan jirgi har 16, kowanne daban. A tsakiyar shekarun 1980 Märklin na Jamus ya kawo nasa. Sai dai kowa da yarensa: dikodar wannan ba ta jin umarnin wancan. Ka tuna lokacin da kowace waya da irin cazarta? To haka abin yake.

Ƙungiyar masu wannan sha'awa ta Amurka, NMRA, ita ta raba gardama. Ta ɗauki tsarin da kamfanin Lenz na Jamus ya ƙirƙiro, ta mai da shi ƙa'idar kowa mai suna DCC, aka wallafa daftarinta a 1993. A ƙa'idar, kowane saiti yana zaune a wani gurbi mai lamba da ake kira CV, kana rubuta masa adadi daga 0 zuwa 255. CV1 lambar jirgin ce, sabo yana zuwa da 3. CV3 saurin ɗaukar gudu, CV4 saurin tsayawa, CV8 kuma lambar kamfanin da ya ƙera.

Ga inda gizo ke saƙa. Sai bayan an gama wannan rabon ne dikodojin sauti suka shigo kasuwa, daga kamfanoni irin su SoundTraxx na Amurka da ESU na Jamus. Ba a ware wa ƙara gurbin bai-ɗaya ba, sai kowa ya ajiye nasa inda ya ga dama. A LokSound na ESU, CV63 ne ke daidaita ƙara. A Tsunami na SoundTraxx, CV128 ne. A Zimo na Ostiriya, CV266.

Ke nan in ka kwafi lamba daga bidiyon wani alhali dikodarku ba ɗaya ba ce, wani abu daban za ka taɓa. Shi ya sa masu harkar ke fara karanta CV8 don gane kamfanin, su rubuta tsohon adadi a takarda kafin su canza, kuma su ɗora jirgi ɗaya tak a layin saiti, don duk wanda ke kan layin zai karɓi canjin. In abu ya rikice, dikodoji da yawa suna komawa yadda suka zo daga kamfani idan ka rubuta 8 a CV8, amma fa duk saitinka zai goge.

Yau an samu sauƙi. Manhajar kyauta ta DecoderPro a kwamfuta tana nuna maka sunan kowane saiti maimakon lamba, sannan da Engine Driver a Android kana iya tuƙa jirgin da wayarka. Amma a ƙarƙashinsu lambobin nan ne dai ke aiki, don haka ka san dikodarka kafin ka taɓa ta.